Baburan da Ba Su Kai Baje Koli Ba

Ranar 11 ga Disamba 1934 wasu mata biyu ƴan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a kan babur ƙirar Panther mai inji cc 600. An ɗaura masa akwatin fasinja a gefe, yana kuma jan ƴar tirela da suka loda wa tanti da ruwa da mai. Cape Town suka nufa, can ƙurewar Afirka ta Kudu. Suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka bi ta In Salah da Tamanrasset, suka faɗo Nijar ta arewa. Kafin su kai Agadas injin ya ce ga garinku nan, dole suka share makonni a garin suna jiran kayan gyara daga Ingila. Da aka tada shi suka gangaro kudu har Kano, daga can suka ci gaba, ba su ga Cape Town ba sai 29 ga Yuli 1935. A shekarun nan, a ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, mai sarauta doki yake hawa, falke ya kora jakai, talaka kuwa ya taka sayyadarsa.

Babur irin wannan Panther, in ya kai yau da ransa, ya gama aikin wahala. Sai dai a goge shi, a ɗora shi a mota, a kai shi baje kolin tsofaffin babura, mutane su biya kuɗin shiga su zagaye shi. Al'adar ta girmi yawancin masu yin ta. Tun 1930 ƙungiyar Sunbeam ta Ingila ta fara tafiyar da ake kira Pioneer Run, wadda ba a yarda kowane babur ya shiga ba sai wanda aka ƙera kafin 1915. A lura da lissafin: ranar da aka fara, ƙaramin cikin waɗannan "tsofaffi" shekararsa 16 kacal. A tashar ƴan kabu-kabu ta Gidan Rumji akwai baburan da suka fi haka shekaru, kuma da asuba za su fita neman na cefane.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, mutum 38 suka taru bisa kiran wani mai suna Titch Allen suka kafa Vintage Motor Cycle Club. Shekara uku bayan haka ƙungiyar ta soma Banbury Run, na baburan da aka yi kafin 1931, wanda yau yake tara babura kusan 500 a rana guda. Masu kallo sun fi cincirindo a wani hawa da ake kira Sun Rising, domin nan ne ake bambance gwani da mai cika baki. Da yawa daga baburan farko ba su da giya, bel ne ke juya tayar baya, in hawan ya yi tsanani sai dattijo mai furfura ya kama taka feda, ko ya diro yana turawa ana yi masa tafi. Faransa na da nata, Coupes Moto Légende, da aka fara a Montlhéry a 1993 aka mayar Dijon a 2004. A nahiyarmu kuwa babban misali yana Afirka ta Kudu. Daga 1913 zuwa 1936 ana tseren babura tsakanin Durban da Johannesburg a kan titin kowa da kowa, har hukuma ta hana saboda hatsari. A 1970 aka farfaɗo da shi, amma ba tseren gudu ba: tafiyar kwana biyu ce ta kusan kilomita 700, ta baburan da aka ƙera kafin 1937, kuma wanda ya fi kiyaye lokacin da aka yanka masa shi ne zakara.

Mai zuwa irin wannan taro don sha'awa, ba ƙyallin fenti ya kai shi ba. Durƙusawa zai yi ya karanta lambar da aka buga a jikin inji, ya gwada ta da ta firam, ya gane ko tare suka fito daga masana'anta. Zai tambaya ko kafireton na asali ne, sirdin wa ya ɗinka, fitilar ta wace shekara ce. Mai babur yana zaune a gefe da kundin hotuna da rasiɗai, a shirye yake ya ba da labarin kowane noti. Akwai masu son a sabunta babur ya koma tamkar ranar da ya bar kanti, akwai kuma masu cewa a bar shi da tsatsarsa da kwarzanensa, kuma gardamar ɓangarorin biyu ba ta ƙarewa. Bayan rumfunan akwai kasuwar tsofaffin kayan gyara, inda mutum zai wuni yana tonon akwatuna don murfin tanki ɗaya. A Stafford, inda ake baje koli sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, har gwanjo ake yi. Kuɗin da ke yawo a harkar ya wuce wasa: a Janairu 2018, a Las Vegas ta Amurka, an sayar da wani Vincent Black Lightning na 1951 a kan dalar Amurka 929,000.

Ƙungiyar duniya ta masu adana tsofaffin ababen hawa, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta sa iyaka: abin hawa ya cika shekara 30 kafin a kira shi na tarihi. Da wannan ma'auni, Gidan Sori da Tsibiri da Agye da Gazawa na ƙasar Maraɗi sun ga baburan tarihi iri-iri. Ba a baje kolinsu a nan, kuma kaɗan ne suka rage. Yadda suka zo da yadda suka ɓace shi ne labarin da ya fi damuna.

Gyaɗa ce ta buɗe hanya. Tun da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, gyaɗar wannan yanki ta sami mafita, kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli da kantuna a Maraɗi. Abin hawa na farko da kuɗin gyaɗa ya saya wa manomi keke ne, musamman Raleigh da ake shigowa da shi daga Kano. Babur ya biyo baya da ma'aikata. Bayan samun ƴancin kai a 1960 gwamnatin Nijar ta baza mushen lakwal da malamin asibiti da malamin gona cikin karkara, kuma abin da albashinsu ya iya saya shi ne mobileti.

Kamfanin Motobécane na Pantin, a gefen Paris, shi ya fito da Mobylette a 1949, aka yi ta ƙera ta har kimanin miliyan 14. Wadda ta fi shiga ran mutane ita ce shuɗiyar nan, AV88. Injinta bai kai cc 50 cikakke ba. Da feda ake tada ta, ba ta da giyar da ake sawa da ƙafa, kuma ba ta shan mai zalla sai an gauraya shi da man inji, shi ya sa take tafe tana barin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a baya. A kan kwalta ba ta da laifi. Amma duk wanda ya san jigawar Gobir ya san abin da rairayi yake yi wa siririyar taya: mushe zai baro gari fes da shi, ya isa ƙauye yana tura mobileti, gumi ya jiƙa rigar. Duk da haka ta yi daraja, domin ko buji ya kama, ko sarƙa ta zame, ko taya ta yi faci, mai gyaran keke na bakin kasuwa zai iya da ita. Solex, wadda injinta ke zaune bisa tayar gaba yana murza ta, ba ta yi wani tasiri a karkara ba, ƴar birni ce. Peugeot ta fito da 103 a 1971, ƴar'uwarta P50 kuwa, da ake haɗawa a Bobo-Dioulasso a lokacin, ta cika titunan Burkina har ta tsallako maƙwabta.

Wannan guguwa ta yamma ce, ta ƙasashen sefa. Ta biyu daga kudu ta taso, kuma ita ta fi ƙarfi, don Gidan Sori ya fi kusa da kasuwannin Najeriya fiye da Yamai nesa ba kusa ba. A farkon 1975 gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas, kuɗin man fetur ya malala, kantunan Kano da Katsina da Sakkwato suka cika da Vespa da Honda da Yamaha da Suzuki. A daidai lokacin, farin 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya sun karya noman gyaɗa a Maraɗi. Manyan ƴan kasuwa suka juya ga fataucin kaya zuwa Najeriya, abin da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kai a 1986, Les Alhazai de Maradi. Samari kuma suka ƙara yawan tafiya ci-rani. Wanda ya dawo da rediyo ya yi ƙoƙari, wanda ya dawo bisa babur ya gama magana a dandali.

Kowane babur da mutanensa. Vespa, wadda Piaggio ya fara ƙerawa a Italiya a 1946, ta zama ta alhazai da malamai da manyan teloli, kuma dalilin a fili yake. Tana da garkuwa a gaba, injinta a rufe, ba sai an ɗaga ƙafa an haye ba, saboda haka mai babbar riga zai je ɗaurin aure ya dawo ba ɗigon baƙin mai a shaddarsa. Ga tayar safaya a jikinta. Sai dai ƙananan tayoyinta ba sa shiri da yashi ko kaɗan, don haka ta tsaya a Maraɗi da Tsibiri da Tasawa da garuruwan bakin kwalta. Honda Roadmaster mai salansa biyu ta zama ta ɗan kasuwa mai tashe, ƙararta ma daban take, a natse. Suzuki 100 da Yamaha 100 su ne na saurayi mai gaggawa, su ne kuma suka fara shiga hanyoyin amalanke ba tare da an sauka an tura ba. Honda ta kafa kamfanin haɗa babura a Ota, kusa da Legas, a 1979, kayan gyara suka wadatu har a ƙananan kasuwanni.

A daidai waɗannan shekaru wasu babura na daban suna ratsa arewacin Nijar. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko ta bar Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ta biyo ta Agadas da Yamai, Cyril Neveu ya ci ta bisa Yamaha XT500. Shi wannan XT500, da BMW da Hubert Auriol ya ci gasar da shi a 1981 da 1983, yau suna cikin abin da ake rububin kallo a Turai. Mutanen kudancin Nijar dai labarin suka ji a rediyo.

Shekarar da ta sauya matsayin babur a bakin iyaka ita ce 1984. A Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris 1986, ga kuma fari ya sake faɗowa. Har yau tsofaffi a ƙasar Maraɗi suna kiran yunwar wannan shekara El-Buhari. Mota ba ta wuce shinge, amma babur yana bin gona da gona. Buhun masara, jarkar mai, ɗan fasinja mai son ganin danginsa a tsallake, duk a bayan babur suka koma. Masu bincike kan sufuri suna danganta farkon kabu-kabu a Nijar da wannan zamani, a Birnin Ƙonni, daga nan sana'ar ta bazu zuwa Maraɗi da Damagaram da sauran garuruwa. Babur ya tashi daga abin ado ya zama jari. Wanda ake samun abinci da shi kuwa ba a lallaɓa shi, kuma daga nan ne tsawon ran babur ya fara raguwa.

Mobileti ta sha kashi biyu. Kamfanin da ke yin ta ya durƙushe a 1981, ya koma MBK, Yamaha ta karɓe shi a 1986. Sannan ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Faransa ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Ga naira ta riga ta faɗi, kayan kudu sun yi arha. Mai mobileti ya duba kuɗin fistin da ringi, ya duba na tsohuwar Suzuki a Jibiya, ya jingine shuɗiyarsa a zaure.

Abin da ya share fagen gaba ɗaya shi ne baburan Sin, daga farkon shekarun 2000: Jincheng, Kasea, Haojue da ƴan'uwansu, ana kawo su cikin kwali, bakanike ya haɗa a bakin titi kafin la'asar. Akwai abin dariya a tarihinsu. Yawancin masu cc 125 kwaikwayon injin Honda CG125 ne na 1975, wanda injiniyoyin Japan suka tsara musamman bayan sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga mutane ba sa juye baƙin mai a kan kari, suna kuma yi wa babur lodin da ya fi ƙarfinsa. Wato tun asali an yi shi ne don irin riƙon da za mu yi masa. Daga baya Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ta shigo ta ƙwace kasuwar ƴan kabu-kabu, saboda doguwar kujera da ƙarancin shan mai. Shi ma Bajaj da ƙera Vespa bisa lasisin Piaggio ya yi suna kafin ya kai nan.

Da waɗannan ne babur ya zama na kowa. Manomin Agye ko Gazawa da ya sayar da aya bayan kaka yana iya shiga Maraɗi ya fito da sabo dal, ledar kujera ma ba zai cire ba sai ta yage don kanta. A ƙauyukan Gidan Sori babur ne ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ke kai akuya kasuwa a ɗaure a kariya, shi ke rakiyar amarya, samari suna wasa da shi har wani ya karye. Man kuwa a kwalba ake saye wurin ƴan ruwa-ruwa. Doki ya ja baya ya koma na hawan salla da ƙofar fadar Sarkin Gobir a Tsibiri, garin da Gobirawa suka kafa da ƙarfin dawaki bayan yaƙin Gawakuke na 1836.

Sai kuma babur ya yi baƙin jini. Kano ta hana acaɓa a Janairu 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A Nijar an hana hawan babur a jihar Diffa a 2015, aka yi haka a sassan Tillaberi a Janairu 2020. Daga 2019 ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo gundumar Gidan Rumji, suna tsere wa ƴan bindigar da ke zuwa bisa babura, su kore shanu, su ɗauki mutane. A ƙauyen bakin iyaka, ƙarar babura da yawa bayan isha'i ta daina zama alamar biki. A 2023 aka ƙara wani nauyin: Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗinsa ya kusan ninka uku, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar aka sake rufe iyaka har Maris 2024. A irin wannan hali, wanda ya ce zai tara tsofaffin babura a fili don kallo, sai a tambaye shi ko lafiya.

Amma tun kafin tsaro ya taɓarɓare ba ma ajiye su. Babur a nan gado ne da ake ci tun mai shi na raye. Mushe ya hau shekara goma ya bar wa ƙanensa, ƙane ya sayar wa ɗan kabu-kabu, shi kuma ya tura shi ƙauye inda ba mai tambayar takarda. A kowane hannu sai an canja wani abu. In ka kai wa bakanike tsohuwar Yamaha ka ce kana son kayanta na asali, zai dube ka ya ce, "Alhaji, tafiya kake so ko tarihi? Ga na Kasea nan, in na ɗan gurza shi zai zauna." Kuma zai zauna ɗin. Ranar da injin ya ƙi tashi gaba ɗaya, sai a yi masa abin da mahauta ke yi wa sa ran kasuwa, ba a zubar da komai. Tayoyi su koma kurar ƴan ga-ruwa, sarƙa da fitila su shiga wani babur, gangar inji ta alminiyam ta tafi wurin masu zubin tukwane, abin da ya saura na ƙarfe ƴan gwangwan su ɗora a sikeli su biya da kilo. Mai yiwuwa ne wata tukunyar da ake tuƙa tuwon biki a cikinta yau, da Vespar wani alhaji aka zuba ta.

Ban ga laifin kowa a nan ba. Adana abin da ya daina aiki sai mai rarar ɗaki da rarar kuɗi, kuma Baturen da ke goge Panther ɗinsa ba da shi yake kai matarsa awo ba. Inda na saba da alƙalan baje kolin Turai shi ne ma'aunin asali. A wurinsu babur mai tankin wani kamfani da kafireton wani da sirdin da baduku ya ɗinka ya faɗi jarrabawa tun daga ƙofa. A wurina shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, don kowane gyara yana da shekararsa da dalilinsa: wannan walda ta lokacin rufe iyaka ce, wancan fistin an sa shi ne bayan karyewar sefa. Honda da ta yi shekara 40 tana zirga-zirga tsakanin Gidan Sori da Maraɗi ta fi wadda ta kwana a gareji a Birmingham abin faɗa, ko da ba za ta yi kuɗinta a gwanjo ba.

Abin da ya fi saurin ƙarewa ma ba ƙarfen ba ne, masu gyaran ne. Yaran gareji na yau sun tashi da baburan da ake cire akwatin wuta a jefar a sa sabo. Waɗanda suka san yadda ake daidaita wutar mobileti da hannu, ko yadda ake jan wayar giyar Vespa, sun tsufa, wasu sun bar sana'ar. Ragowar baburan suna nan jefi-jefi, a zaurukan tsofaffin ma'aikata a Maraɗi, a bayan shagon wani tela, ƙarƙashin buhunan da ba a ɗaga ba tun bara waccan, wasu har da takardunsu na duwan a cikin leda.

MBK ta daina ƙera mobileti a 2002, kuma tun daga nan Faransawa suka shiga neman shuɗiyar AV88 ruwa a jallo. Suna da ƙungiyoyinta, suna fita yawo da ita rukuni-rukuni ran Lahadi, har wasu kamfanoni sun koma ƙera kayan gyaranta sababbi saboda masu sha'awa. Fistin da ringin da suka gagari mushe a 1994 yanzu ana samun su ta intanet, sai dai da kuɗin euro, kowane ɗaya sefa 656, ban da kuɗin aikowa da na duwan.